Darasi na Bakwai: Kafa Sabar Tura Fayil a Cikin Gida

A gidaje da yawa a yau akwai wayoyi uku ko huɗu da kwamfuta ɗaya, kuma idan ana son a kwashe hotunan biki daga waya zuwa kwamfuta, sai a tura su ta WhatsApp, data ta ƙare, hotunan kuma su rage kyau saboda manhajar tana matse su. Wannan asara ce da babu dalilinta, domin matuƙar na'urorin suna kan wayifai ɗaya, fayil yana iya tashi daga wannan zuwa waccan ba tare da ya fita intanet ba. Abin da ake buƙata kawai shi ne a mayar da kwamfutar ta zama sabar, wato kamar rumbun gida, kowa ya zuba ya kuma ɗiba.

Hanyar da za mu bi sunanta FTP, wato ƙa'idar tura fayil tsakanin na'urori. An fara rubuta ƙa'idojinta a 1971, aka daidaita su a 1985, kuma har yau tana aiki. Ku sauke manhajar FileZilla Server, wadda kyauta ce, amma ku lura da kyau, domin akwai wata mai suna FileZilla Client: ta farkon ita ce mai ajiya, ta biyun kuwa ita ake shiga da ita. Bayan kun girka ta, ku buɗe sabon folda, misali mai suna Ajiya, ku ƙirƙiri sunan mai shiga da kalmar sirri, sannan ku nuna wa manhajar cewa wannan foldan kaɗai aka yarda a gani. Kada ku ba da faifan kwamfutar gaba ɗaya. Yara kuwa ya fi kyau a ba su izinin ɗauka kawai, ban da gogewa.

Daga nan sai neman adireshin kwamfutar. A Windows ku buɗe Command Prompt, ku rubuta ipconfig, ku duba layin IPv4, inda za ku ga lamba irin 192.168.1.20. Ku rubuta ta a takarda. A nan ne mutane da yawa suke tuntuɓe, domin rauta, wato na'urar da ke ba da wayifai, ita ce take raba waɗannan lambobi, kuma idan aka ɗauke wuta aka dawo da ita tana iya ba kwamfutar wata lamba daban, sai a wayi gari waya ta kasa samun sabar alhali babu abin da ya lalace. Maganin shi ne a shiga saitin rautar a keɓe wa kwamfutar lamba ɗaya ta dindindin. Wannan aikin minti biyar ne, kuma a ganina bai kamata a tsallake shi ba.

Sauran shinge shi ne katangar tsaro (firewall) ta Windows, wadda take hana baƙi shigowa. FTP tana karɓar umarni ta ƙofa mai lamba 21, amma fayil ɗin kansa ta wasu ƙofofin yake bi. Saboda haka, idan an karɓi kalmar sirri amma jerin fayiloli ya ƙi fitowa, ku shiga saitin katangar ku ba manhajar FileZilla Server izini a kan sadarwar gida.

Domin gwaji, ku buɗe manhajar sarrafa fayil mai FTP a waya, ku sa adireshin da suna da kalmar sirri, ku tura hoto ɗaya. Kada ku gwada da Chrome ko Firefox, domin dukansu sun daina buɗe FTP tun 2021. Idan waya ta kasa gani, ku tabbata ba a kan wayifai ɗin baƙi take ba.

Akwai gargaɗi guda wanda ya fi duk abin da ya gabata muhimmanci. FTP ta asali tana aika kalmar sirri a fili, ba tare da ɓoyewa ba, don haka kada ku buɗe ƙofa ta 21 a rauta zuwa intanet, kuma kada ku sa kalmar sirrin da kuke amfani da ita a banki ko imel. Idan maƙwabta suna hawa wayifai ɗinku, ku kunna TLS a cikin manhajar FileZilla Server, wanda yake lulluɓe duk abin da ake aikawa, sannan ku zaɓi FTPS, wato FTP mai TLS, a wayar lokacin shiga.