Yadda za ka tace jita-jitar sabuwar Supra kafin ka gwada ta da kishiyoyinta

Duk lokacin da aka ce Toyota na shirin fito da wadda za ta gaji motarta ta gudu GR Supra, sai hotuna da alƙaluma su cika waya. Kafin a kafa musu a majalisa, fara da tambayar daga ina maganar ta fito. Sanarwar kamfani daban, hoton da aka ɗauka a ɓoye a filin gwaji na Nürburgring a Jamus daban, zanen kwamfuta kuma ba hujja ba ne ko kaɗan. Motar gwaji sau da yawa tsohon bodi take sanye da shi a kan sabon inji. Ko motar nuni ba a rantsuwa da ita: Toyota ta nuna FT-1 a Detroit a 2014, Supra ba ta fito ba sai 2019, kuma ta zo ƙarama a kan waccan, da injin BMW mai lita 3 da silinda shida a jere, aka kuma riƙa haɗa ta a Graz ta ƙasar Austiriya tare da BMW Z4.

Sai ka daidaita ma'auni, don nan aka fi yin tuntuɓe. Wajen auna ƙarfin inji, Amurka na lissafi da hp, wato ƙarfin doki, Jamus da Japan da PS, kuma PS 400 daidai yake da hp 394 ko kusa da haka. In ka ga kW, wani ma'aunin ƙarfin, ninka shi da 1.34 ka samu hp. Haka ma gudun farko: daga tsaye zuwa gudun mil 60 a awa ba ɗaya ba ne da zuwa kilomita 100 a awa, domin mil 60 bai kai kilomita 97 ba. Wasu mujallun Amurka ma ba sa fara ƙirga lokaci sai mota ta motsa ƙafa ɗaya, abin da ke zaftare kusan sulusin daƙiƙa.

Ƙarfin doki shi kaɗai yaudara ne. Raba shi da nauyin motar. Supra ta 2021 tana da doki 382 a kan kilo 1,540, wato kusan 248 a kowane tan. Nissan Z mai doki 400 ta doshi kilo 1,600, ta tashi 250 ke nan, kunnen doki. Mustang GT ta 2024 mai injin V8 (silinda takwas) lita 5 da doki 480 ta haura kilo 1,700, amma duk da haka tana gabansu da wajen 275. Saboda haka in an ce sabuwar za ta zo da batir da injin lantarki a kan na fetur, tambayi nauyi tukuna. Batir ba ya zuwa hannu rabbana.

Yanzu sauko da lissafin Zariya. Garin na kan tudu, sama da mita 600 daga teku, kuma injin da ba turbo, wato na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska, yana asarar kusan kashi 1 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 100 saboda ƙarancin iska. Mustang, da ba ta da turbo, za ta ji wannan fiye da Supra da Z. Su kuma masu turbo zafin Maris da Afrilu ne matsalarsu: iska mai zafi na shiga, kwamfutar motar ta rage wuta don kare inji. Ƙari ga haka suna son fetur mai oktan (lambar ingancin fetur) 95 zuwa sama, na gidajen manmu kuwa yawanci 91 ne, don haka kada ka sa ran dokin da ke takarda. Ƙurar hunturu kuma na toshe matatar iska da wuri.

Duba tazarar cikin mota da ƙasa. Ta Supra ba ta wuce santimita 12 ba, tsayin wayar hannu ma bai kai ba. Tudun rage gudu na hanyar Samaru ko ramin damina a Sabon Gari ya isa ya fasa bamba ko ya lanƙwasa rim, tunda tayoyin sirara ne. A hau tudu a karkace, taya ɗaya bayan ɗaya.

Sitiyari ya zama na hagu. Na kasuwar Japan da Ingila a dama yake, kuma doka ta hana shi a Najeriya. Kafin ka ba dila ko sisi, nemi bakaniken da ke da na'urar karanta kwamfutar BMW, domin GR Supra mai tambarin Toyota injin BMW ne a cikinta, filoginta da famfon ruwanta ba za ka same su a shagon kayan Corolla ba.