Tsani ba bango ba ne: inda ɗalibai ke tuntuɓe a lissafin filin alwatika

Na daɗe ina koyar da lissafi a wata sakandare a cikin birnin Katsina, da la'asar kuma ina yi wa 'yan aji shida bita a zauren gidanmu idan WAEC da NECO suka ƙarato. Ƙa'idar filin alwatika kowa ya haddace ta kamar karatun allo: rabin gindi sau tsayi. Amma idan na zauna duba takardu, a nan ne jan biro ke ƙarewa.

Mantawa da rabin shi ne ƙaramin ciwo. Yaro zai ninka 10 da 6 ya rubuta 60 ya wuce abinsa, alhali amsar 30 ce. Maganinsa takarda da almakashi: yanke takarda mai kusurwa huɗu daga wannan lungu zuwa wancan, za ka ga alwatika biyu daidai wa daida. Wanda ya yanka da hannunsa ba ya sake mantawa.

Babban ciwon shi ne tsayi. Ga alwatika mai gindi santimita 12, gefunanta biyu kowanne 10. Mafi yawan ajin sai su ɗauki 10 a matsayin tsayi, su sami 60. Wata rana na jingina tsani da bangon zaure na tambayi wani ɗalibi, shin tsawon tsanin nan shi ne tsawon bangon? Ya ce, "A'a Malam, ai tsanin a karkace yake." To, gefen alwatikar ma a karkace yake. Tsayi shi ne layin da ya sauko daga ƙololuwa ya faɗo kan gindi a miƙe sak, ya yi kusurwa mai digiri 90, kamar zaren da magini ke ɗaure wa ƙarfe ya sake don ya ga ko gini ya miƙe. A wannan misalin layin ya raba gindin gida biyu, 6 da 6. Da ƙa'idar Pythagoras, a ninka gefen da kansa, 10 sau 10, 100; a ninka rabin gindin da kansa, 6 sau 6, 36. 100 a cire 36 saura 64, tushensa 8, tunda 8 sau 8 ne 64. Tsayin ke nan. Rabin 12 sau 8, amsa 48. Gefe yana zama tsayi ne kawai idan alwatikar tana da kusurwa mai digiri 90, kuma ko a nan ban da gefen da ya fi tsawo.

Akwai kuma alwatikar da ta kwanta baya, wadda kusurwarta ɗaya ta haura digiri 90. Tsayinta na iya faɗowa a wajen zanen, sai an ja layin gindi da ɗigo-ɗigo kafin su haɗu. Yara kan firgita, wasu su haɗa ɗigon cikin awon gindi. Kada a haɗa. Gindi yana nan yadda aka ba da shi.

Wannan kuskure ba a aji kaɗai yake tsayawa ba. An taɓa kira na wajen rabon gado a wani ƙauye da ke kan hanyar Daura, inda hanya ta yanki gona ta bar ta da kusurwa uku. Gefunanta mita 130, 140 da 150. Mai awon, dattijo ne mai gaskiya, ya ninka 140 da 130 ya raba biyu, ya sami 9,100. Ga gona ba ka da ƙololuwar da za ka sako zare, don haka na yi amfani da ƙa'idar Heron, masanin Iskandariya ta Masar, wadda gefuna uku kawai take buƙata. A tara su, 420, a raba biyu, 210. A cire kowane gefe daga 210, a sami 80, 70 da 60. A ninka 210 da su duka, a ɗauki tushen abin da ya fito: murabba'in mita 8,400. Bambancin 700 ne, kusan fuloti ɗaya da rabi irin na ƙafa 50 da 100. Na ce, "Baba, a yi haƙuri a sake awon," ya yi shiru yana shafa gemu, sannan ya ce a kawo igiya. Ɗalibai kuwa inda suke zamewa a ƙa'idar Heron shi ne su yi aiki da 420 gaba ɗaya, su manta da raba shi.

Sai batun ma'auni. A ba ka gindi mita 2, tsayi santimita 50, ka ninka su haka nan, ka haɗa gero da tsakuwa ke nan. Mayar da su abu guda tukuna: rabin 2 sau 0.5, wato rabin murabba'in mita. Kuma murabba'in mita ɗaya santimita murabba'i 10,000 ne, ba 100 ba, kamar yadda hekta ɗaya take murabba'in mita 10,000. Wanda ya rubuta 48 cm ba tare da ɗan 2 ɗin nan a sama ba, tsawon igiya ya faɗa mana, ba faɗin fili ba, kuma mai duba takarda zai zaftare masa maki.

'Yan babban aji masu amfani da ƙa'idar rabin "a" sau "b" sau sin C, inda "a" da "b" gefuna biyu ne, C kuma kusurwa, ku tabbata kusurwar tana tsakanin gefunan biyu da kuka ɗauka. Sannan kafin a fara jarrabawa ku danna sin 30 a kalkuleta. In ba ta ba ku 0.5 ba, wani ya taɓa ta ya ɗauke ta daga digiri, sai ku mayar.