Zuwan farko Guangzhou: abin da ya kamata tsohon hannu ya faɗa wa sabon zuwa

Ɗan kasuwar da ya saba zirga-zirga tsakanin Kano da Guangzhou yakan manta abubuwan da suka ba shi wuya a zuwansa na farko. Idan wani ƙaninsa daga Kantin Kwari ko Singa ya nemi shawara, sai ya ce masa kawai: "Kai dai ka zo, akwai 'yan'uwa a Xiaobei." Gaskiya ne akwai su a wannan unguwa ta Guangzhou, amma wannan amsa ba ta fitar da mutum daga filin jirgin Baiyun, ba ta biya masa kuɗin tasi. Taimakon da ke da amfani shi ne wanda aka jera daki-daki, aka kuma faɗi lokacin da aka ga abin da ido. Dokokin biza da na biyan kuɗi a Chaina suna sauyawa, don haka mai ba da shawara ya riƙa cewa "haka na tarar a watan jiya" ko "wannan tun kafin korona ne", domin mai tambaya ya san nauyin da zai ba maganar.

A fara da waya, tun yana gida. WhatsApp da Facebook da Google ba sa buɗewa a kan intanet ɗin Chaina. Wanda ya sauka bai shirya ba, ba shi da hanyar kiran mai masaukinsa, ba shi da taswira, ba shi da mai fassara. Tsohon hannu ya zaunar da shi ya sauke WeChat da Alipay, manhajojin da ake aika saƙo da biyan kuɗi da su a can, ya yi rajista da fasfonsa, ya haɗa katin banki da ke aiki a ƙasar waje, ya gwada kafin ya hau jirgi. Sau da yawa WeChat yakan buƙaci wani mai tsohon asusu ya tabbatar da sabon, kuma wannan aikin minti biyu ne ga wanda ya daɗe yana amfani da shi. A Alipay, biyan da bai wuce yuwan 200 ba da katin waje babu caji, abin da ya haura ana cire kashi 3 cikin ɗari. Ya bar layinsa na gida a buɗe da tsarin yawo (roaming) na 'yan kwanaki, domin ta nan saƙon banki ke shigowa, kuma ta layin waje WhatsApp yana aiki. Adireshin otal kuwa a tura masa shi da rubutun Sinanci, ya buga a takarda. Direban tasi ba lallai ya karanta boko ba.

Biza ita ce wurin da aka fi yin kuskure mai tsada. Ta kasuwanci tana ɗauke da harafin M, kuma akwai abubuwa biyu a jikinta da ake rikitawa: ranar ƙarshe da za a iya shiga ƙasar, da adadin kwanakin da aka yarda a zauna a kowace shiga. Sabon zuwa yakan ga wata uku a rubuce ya ɗauka zamansa ke nan, alhali kwana 30 aka ba shi. Wanda ya zarce, tarar yuwan 500 ce kowace rana har zuwa 10,000, ko a tsare shi kwana 5 zuwa 15, sannan samun wata bizar ya yi wuya. Mai son ƙarin kwanaki ya je ofishin shige da fice aƙalla kwana 7 kafin nasa su ƙare. Akwai kuma rajistar masauki cikin awa 24 da isowa. Otal yana yi wa baƙonsa da kansa, amma wanda ya sauka a gidan ɗan'uwa dole ya yi ta wajen 'yan sandan unguwar, da fasfo da takardun gidan. A nan ne karamci ke jawo matsala: mai gida ya ce "kwana biyu ne, ba komai", sai bincike ya zo, tarar ta hau kan baƙo. Duk wanda ya ba da ɗaki, ya raka baƙonsa rajista a ranar. Fasfo kuma ya kasance a jikinsa kullum, ko jirgin ƙasa zai shiga da shi ake shiga.

A faɗa masa abin da ba a shigowa da shi. Kilishi da dambun nama, duk daɗinsu, kwastam na ƙwacewa, saboda an hana shigo da nama. Kuɗin hannu da suka haura dala 5,000 sai an bayyana su. Katin rigakafin ciwon shawara ya zo da shi. Sai maganar saƙo, wadda ba ta da sassauci: kada ya karɓi ƙunshin kowa bai buɗe ya gani ba, ko da na maƙwabci ne, ko da an ce magani ne. Hukuncin safarar ƙwaya a Chaina yana kaiwa ga kisa, kuma "ban san abin da ke ciki ba" ba ta cika kuɓutar da mutum ba.

Ranar farko ba ranar ciniki ba ce. Agogonsu yana gaba da na Najeriya da Nijar da awa 7, kuma mai jin barci ba ya lissafi daidai. Tsohon hannu ya ɗauke shi su shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa tare, amma ya bar shi ya biya da wayarsa, ya karanta taswirar da kansa: layi na 5 shi ke zuwa Xiaobei, na 2 Sanyuanli, na 8 Pazhou inda ake baje kolin Canton. Wanda ake riƙe wa hannu kullum, a zuwa na biyar ma sai an riƙe masa. A nuna masa haruffa biyun nan, 清真, waɗanda ke nufin halal, da shagunan taliyar Lanzhou da Musulmin ƙasar ke gudanarwa, domin a sauran wurare man alade da giyar girki suna shiga ko cikin abincin da ba a ga nama a kai ba. Alƙibla a can yamma take, ta ɗan karkata arewa, wanda ya saba fuskantar gabas ya kula. Juma'a akwai masallacin Xianxian kusa da tashar Yuexiu Park, da tsohon masallacin Huaisheng. Shimfiɗa sallaya a bakin titi kamar yadda ake yi a gida ba a yarda da shi ba. Ruwan famfo sai an tafasa.

Kasuwa ita ce inda maganar ke da tsawo. Kowane kaya da garinsa: tufafi a Baima da Shahe, yadi a Zhongda ko Keqiao da ke Shaoxing, kayan waya a Huaqiangbei ta Shenzhen, kujeru da tayil a Foshan, ƙananan kaya a Yiwu. Ciniki da na'urar lissafi ake yinsa, mai shago ya rubuta, kai ma ka rubuta. Kada a dogara da yatsu, domin nasu lissafin daban ne: babban yatsa da ƙaramin yatsa a miƙe shida ne, babban yatsa da manuni takwas ne, ba biyu ba. A tambayi ko farashin na guda ne, na dozin ko na katan, da kuma mafi ƙarancin adadin da za a sayar a kansa.

Yawanci ana ba da kafin alƙalami kashi 30, sauran 70 bayan an gama kaya. Abin da ke lalacewa a tsakani shi ne inganci. A sa hannu a kan samfur biyu, ɗaya wurin mai masana'anta, ɗaya wurin mai saye, a rubuta nauyin yadi ko kaurin ƙarfe a takardar ciniki, a buga mata jan hatimin kamfani. Sunan da ke kan asusun da za a tura kuɗi ya dace da na lasisin kamfanin. Kafin cikon kuɗi a je sito a buɗe katan daga tsakiya da can ƙasa, ba na sama da aka tanada don ido ba. Mai sayen kayan lantarki ya faɗi irin filogin da ake amfani da shi a gida, mai baki uku masu kusurwa, tun kafin a fara aiki.

Lissafin kago ma a koya masa, kada a bar shi da abin da aka faɗa masa. Katan mai santimita 60 da 40 da 50, idan aka ninka, ya zama 0.12 na kubik mita, abin da 'yan kago ke kira CBM. Katan 100 ke nan 12. Kwantena mai ƙafa 20 tana ɗaukar kusan 28 a aikace, doguwa mai ƙafa 40 kusan 68. A jirgin sama ana raba girman a lissafin santimita, wato 120,000 a nan, da 6,000, sai katan ɗin nan ya zama kilo 20 ko da auduga ce a ciki, kuma wanda ya fi yawa tsakanin nauyi da girma shi ake caji. Kowane katan a rubuta masa suna da lambar waya da lambar jeri, a ɗauki hotonsa da rasit. A tambayi ɗan kago ƙarara: kuɗin nan har da fitar da kaya daga kwastam da kai su Kano, ko a Legas aikinsa ya ƙare? Kayan da ke buƙatar SONCAP, wato takardar shaidar inganci ta hukumar SON, ko izinin NAFDAC a san su tun kafin a saya.

Lokacin zuwa ma shawara ne. Bajen kolin Canton, wanda aka fara a 1957, ana yinsa sau biyu a shekara, daga tsakiyar Afrilu da tsakiyar Oktoba, kashi uku kowanne da irin kayansa. Mai neman tufafi da ya zo a kashin injuna ya biya otal mai tsada a banza. Hutun sabuwar shekararsu, tsakanin ƙarshen Janairu da Fabrairu, yakan rufe masana'antu makonni. Mai son kayan Sallah ya lissafa wannan, da kuma watannin da kaya ke yi a ruwa.

Saura maganar da ba a son yi. Mai raka baƙo kasuwa sau da yawa yana da la'ada a wurin mai shago. Wannan ba laifi ba ne, aiki ne, kuma da ɗan gari akan ci gari. Laifin shi ne a ɓoye, a ce zumunci ne, alhali an ɗora kuɗin a kan farashi. Tsohon hannu ya faɗi nawa yake karɓa tun farko, ya bar baƙo ya karɓi WeChat ɗin mai shago da kansa. Shi kuma sabon zuwa ya kawo tambaya mai kai: irin kayan, jarinsa, kwanakinsa, ta ruwa ko ta sama. Ya kuma ji ta bakin mutum biyu da ba su da alaƙar kasuwanci da juna kafin ya tura ko sisi.