Yadda ake tace feftayid na haɗi, a tabbatar shi ne

Feftayid gajeriyar sarƙa ce ta amino asid. Tun da Bruce Merrifield ya fito da dabarar ƙera ta a kan ƙwayoyin rezin (ƙananan ƙwayoyin roba da ake ɗaure sarƙar a kai) a 1963, aikin da ya kai shi ga kyautar Nobel a 1984, haɗawa ta yi sauƙi. Wahalar tana bayan haɗawa. Abin da ke saukowa daga rezin gauraye yake: wasu sarƙoƙin sun tsallake amino asid ɗaya, wasu kuma rigar kariyarsu, wato sinadaran da ake rufe sassan amino asid da su lokacin haɗawa, ba ta cire ba. Ga yadda muke raba aya da tsakuwa a ɗakin gwajin da nake aiki a nan Accra.

Fara da yanke sarƙar daga rezin. Haɗin da aka saba shi ne TFA (asid mai ƙarfi da ke yanke sarƙar) kashi 95, ruwa kashi 2.5, TIS (mai kama tarkacen rigar kariya) kashi 2.5, a bar shi awa 2 zuwa 3 a cikin akwatin zuƙe tururi, domin TFA yana ƙona fata. Ka tace, ka zuba ruwan cikin sinadarin dayitil ita mai sanyi ƙarara, za ka ga farin gari ya kwanta. Ka juya shi a santirifuj, injin da ke juyawa da gudu ya kwantar da gari, ka wanke sau biyu ko uku, ka narkar cikin ruwa da ɗan asetonaitiril, sannan ka tace da matacin maikuron 0.22 ko 0.45. Wanda ya tsallake tacewar nan, shi zai sayi sabon kwalam, wato bututun da ake raba sinadarai a cikinsa.

Kada ka ɗura duka samfurin a injin HPLC, mai tura ruwa da ƙarfi ta cikin kwalam, tashi ɗaya. Ɗanɗana tukuna da ɗan kaɗan a ƙaramin kwalam na C18 (nau'in abin da aka cika shi da shi) mai faɗin milimita 4.6, gudun ruwa mililita 1 a minti. Kwalba A ruwa ne da TFA kashi 0.1, kwalba B asetonaitiril da TFA kashi 0.1. Ka sa B ya hau daga kashi 5 zuwa 65 cikin minti 30. Cikin kwalam ɗin kamar maiƙo yake: sarƙar da ke son ruwa tana saurin fita, mai gudun ruwa tana maƙalewa sai asetonaitiril ya yi yawa ya kwance ta. Ka saita fitilar UV a nanomita 214, inda mahaɗar feftayid ke shan haske. Nanomita 280 ba ya ganin komai sosai sai in akwai tiriftofan ko tayirosin.

In ka ga babban tudunka, wato inda zanen allo ya tashi lokacin fitar sarƙarka, ya fito wajen kashi 30 na B, sai ka koma babban kwalam, ka sassauta hawan: daga 20 zuwa 40 cikin minti 40. Nan ake samun rabuwa ta gaske. Ka tari gaban tudun daban, tsakiyarsa daban, wutsiyarsa daban, kowanne a bututunsa mai lamba. Kwaɗayi ke ɓata aikin nan, domin dattin a gaba da wutsiya yake laɓewa. Kuma ka tabbata injin yana kan batirin ko-ta-kwana. Dumso, ɗaukewar wutar Ghana, ba ya sallama, in ya ɗauke wuta ana tsakiyar gudu, samfurinka na cikin kwalam.

Tudu ɗaya kyakkyawa bai ce maka abinka ne ba. Sai ka kai kowane bututu na'urar auna nauyin ƙwayar sinadari. In ESI ce, wato mai fesa samfurin ta sa masa caji, ka musanya TFA da fomik asid kashi 0.1, don TFA yana danne sigina. Ka lissafa nauyin da kake tsammani kafin ka kalli allo. Ɗauki lu-enkefalin, sarƙa mai amino asid biyar, YGGFL: nauyinta 555.27, da furoton ɗaya za ta bayyana a 556.28. In ka ga 499.26, gilaisin ɗaya ya faɗi, don nauyinsa 57 ne.

Wata ɗaliba 'yar unguwar Nima ta taɓa zuwa wurina ranta a ɓace. "Malam, nawa 2000 ne, ga shi ina ganin 1001 da 667.7, aikin wata guda ya tafi." Na ce mata, "Kwantar da hankalinki, abinki ne." Na'urar tana raba nauyi da yawan caji ne, nata kuwa ya ɗauki furoton biyu a nan, uku a can.

Bambancin lambobi shi ke faɗa maka laifin. Ƙarin 22 sodiyam ne ya hau, ba abin damuwa ba. Ƙarin 16 yawanci metayonin ne ya sha iskar oksijin. Ƙarin 56 rigar tBu ce ta rage, ƙarin 252 kuma rigar Pbf ce a kan amino asid ajinin, wato yankan bai nuna ba. Amma na'urar tana da makanta: lusin da aisolusin nauyinsu ɗaya, haka sarƙar da aka juya jerinta. In jerin ne abin tambaya, sai a farfasa sarƙar da MS/MS, wato awo mai mataki biyu, a karanta gutsattsarin b da y, na gaban sarƙar da na bayanta.

Bututun da suka ci jarrabawa kaɗai za ka haɗa. Ka sake tura kaɗan a ƙaramin kwalam, ka auna tsarki da faɗin tudu a 214. Yawancin gwajin ƙwayoyin halitta kashi 95 ake nema. Daga nan sai daskarewa da busarwa, a ajiye garin a firiza mai awo 20 ƙasa da sifili.

Ranar da za ka ɗauko, kada ka buɗe kwalbar da sanyinta. Iskar Accra jiƙe take da raɓar teku, garin kuwa mai shan danshi ne. Ka ajiye ta cikin mazubin busarwa kamar rabin awa ta huce, sannan ka kwance murfin.