Kulli a gaban wuya: ga yadda za ki bi shi daga ekografi har magani

Da ke nake 'yar uwa, don kansar tiroyid, wato ɗan naman nan na gaban wuya mai fitar da sinadarin da ke daidaita aikin jiki, ta fi kama mata, kusan ninki 3 kan maza. In kin ji kulli a gaban wuya mai hawa da sauka lokacin haɗiyar miyau, kar ki ce maƙoƙo ne kawai ki rufe da mayafi, kuma don Allah kar a kai ki wajen wanzami ya yi tsaga ko sakiya. Wajen 90 cikin 100 na kullin nan ba kansa ba ne. In ma ita ce, yawanci irin da lokotoro ke ce ma papilar ce, mai girma sannu sannu, fiye da 90 cikin 100 na masu ita suna nan da ransu bayan shekara 10.

Fara da ganin lokotoro, in a Tawa kike ki je CHR, babban lopital na jiha. Zai rubuta miki analizin jini na TSH, mai nuna yadda tiroyid ke aiki, da ekografin wuya. Nan mutane ke ruɗewa, sai jini ya fito lafiya lau a ce alhamdulillahi a koma gida, alhali mai wannan kansar TSH ɗinta galibi daidai yake fitowa. Ekografi ke nuna ko kullin abin tuhuma ne, in haka ne sai a tsira siririyar allura a zuƙo ɗan abin da ke ciki a duba a labo, 'yan mintoci ne, ba a ma sa ki barci. In an turo ki Yamai, Lopital Nasiyonal ko cibiyar kansa ta CNLC, ki taho da takardunki duka har tsohuwar ordinans, in ba haka ba ki sake biyan abin da kin riga kin biya.

In an tabbatar kansa ce, maganinta opirashin ne, a cire rabin tiroyid ɗin ko duka, har da kaluluwar wuya in ta kamu. Bayan aiki murya kan dishe na ɗan lokaci, amma in kin ji leɓe ko yatsu na tsira kamar kiyashi na tafiya ki faɗa nan take, kalsiyom ne ya sauka. Wasu ana ƙara musu iyod mai radiyo, maganin sha mai ƙone abin da ya rage na tiroyid, mai ciki ko mai goyo ba ta sha, wadda ta sha kuma sai ta jira wata 6 zuwa 12 kafin ta ɗauki ciki.

Wadda aka cire ma duka za ta sha levothyroxine, maganin da ke maye aikin tiroyid, har ƙarshen rayuwa, ƙwaya kullum da safe ciki wayam, da ruwa zalla, a jira aƙalla minti 30 kafin koko ko fura da nono. Ƙwayar ƙarin jini ko ta kalsiyom a ba su ratar awa 4. Da azumi ki tashi da wuri ki sha kafin sahur. Randebu na jinin tiroglobulin, mai nuna ko kansar ta dawo, da ekografi kuwa ba fashi ko kin ji garau, don takan dawo a kaluluwar wuya bayan shekaru.