Yadda Za Ka Zaɓa Tsakanin Jami'a da Aikin Soja a Amurka Bayan Ka Yi Rantsuwar Farko

A Amurka, yawancin masu shiga aikin soja ba sa wucewa sansanin horo a ranar da suka sa hannu. Ana sa su ne a wani tsarin jinkirta tafiya da aka fi sani da DEP, inda mutum kan zauna a gida har zuwa kwana 365 kafin ranar tafiyarsa ta zo. Da yawa daga cikinsu 'yan ajin ƙarshe ne na sakandare, wasu ma shekararsu 17, sai da iyaye suka sa hannu kafin a karɓe su. A cikin watannin jiran nan ne takardar samun gurbi a jami'a kan iso, ko tallafin karatu ya fito, sai matashi ya shiga tsaka mai wuya, yana ganin ya riga ya ɗaure kansa. Wannan bayani na wanda ya samu kansa a wannan hali ne, namiji ko mace, da kuma iyayen da ke son taya shi tunani.

Abu na farko shi ne ka san ainihin matsayinka a doka, domin yawancin ruɗanin daga nan yake tasowa. Rantsuwar shiga soja sau biyu ake yin ta. Ta farko ita ce wadda ka yi a cibiyar tantancewa ta MEPS, bayan jarrabawar ASVAB da gwajin lafiya, ranar da ka sa hannu a takardar yarjejeniya mai suna DD Form 4. Ta biyu kuwa sai ranar tafiya, lokacin da za ka koma cibiyar a sake duba ka, ka sake ɗaga hannu, sannan a tura ka horon kurata. Tsakanin rantsuwar nan biyu ba a biyanka albashi, ba ka zama a bariki, kuma ƙa'idojin rundunonin sun tanadi hanyar sallamar wanda ya sauya ra'ayi, sallamar da ba ta ɗauke da tambarin laifi. Tun shekarar 1973 Amurka ta daina tilasta wa mutane shiga soja, kuma rundunonin ba su da amfani da kurtun da aka jawo shi da ƙarfi. Amma da zarar ka yi rantsuwa ta biyu, ka koma ƙarƙashin dokar soja, fita kuma ta zama abu mai wuya ƙwarai wanda ba a hannunka yake ba. Saboda haka duk shawarar da za ka yanke, ka yanke ta kafin wannan rana.

Akwai wani togaciya da bai kamata a tsallake ba. Idan rundunar tsaron jihohi da ake kira National Guard ka shiga, ko kuwa sojojin jiran ko-ta-kwana, to lamarinka daban ne, domin rantsuwarka ta farko ta riga ta mai da kai ɗan runduna, har ma kana iya halartar atisayen ƙarshen mako ana biyanka. Mai wannan matsayi kada ya ɗauka abin da aka faɗa a sama ya shafe shi kai tsaye. Ya nemi lauya, ko ya tuntuɓi ƙungiyar GI Rights Hotline mai ba da shawara kyauta a kan irin waɗannan al'amura, kafin ya yi wani motsi.

Na san ga wanda ya tashi a gidan da ake cewa alkawari kaya ne, maganar doka kaɗai ba ta isa ta kwantar masa da hankali ba. Wannan nauyin da kake ji abu ne mai kyau, kuma ban ga dalilin raina shi ba. Sai dai ka tuna cewa tsarin da ka shiga shi da kansa ya bar wannan ƙofa a buɗe, don haka wanda ya fita ta cikinta da gaskiya, da sanarwa a kan kari, bai yaudari kowa ba. Abin da nake ganin kuskure ne babba shi ne mutum ya ba da shekarun ƙuruciyarsa don kawai yana jin kunyar jami'in da ya ɗauke shi, ko yana tsoron abin da abokai za su ce.

Daga nan sai lissafi, kuma a rubuce za ka yi shi, ba da ka ba. A ɓangaren jami'a, ka cike takardar neman tallafin gwamnati ta FAFSA, ka jira kowace makaranta ta aiko maka da bayanin abin da za ta ba ka, sannan ka raba kyauta da bashi, domin sau da yawa a shafi ɗaya ake jera su kamar duk taimako ne. Tallafin Pell na gwamnati, wanda kyauta ne ba a mayar da shi, iyakarsa dala 7,395 ce a shekarar karatu ta 2024 zuwa 2025. Adadin da kake nema shi ne abin da ya rage a kanka bayan an cire kyauta, a ninka shi sau huɗu, wato shekarun digiri. Ka kuma sa kwalejin al'umma ta shekara biyu a cikin lissafin, tunda kuɗinta ya yi ƙasa sosai da na jami'a, kuma ana iya ɗorawa daga can. Yawancin jami'o'i suna son amsarka zuwa ranar 1 ga Mayu, sai ka ajiye wannan rana kusa da ranar tafiyarka ka ga wadda ta riga zuwa.

A ɓangaren soja, babban abin da ke jan masu son karatu shi ne dokar Post-9/11 GI Bill, wadda ta fara aiki a 2009. Wanda ya yi wata 36 yana cikakken aiki, aka kuma sallame shi sallamar girmamawa, yana samun tallafin wata 36 na karatu: cikakken kuɗin makaranta a jami'ar gwamnati a farashin ɗan jiha, da kuɗin haya duk wata, da kuɗin littattafai har dala 1,000 a shekara. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma ga matashin da ba shi da wata hanya sai cin bashi mai yawa, yana iya zama dalili mai ƙarfi. Akwai kuma tallafin karatu ga wanda ke bakin aiki, har dala 4,500 a shekara, ko da yake samun lokacin yin karatun ya dogara ga irin aikin da aka ba ka da amincewar shugabanninka. Farashin duk wannan kuwa shi ne wa'adin shekara 8 da ke kan duk wanda ya shiga a karon farko, ko da shekara huɗu aka rubuta masa na cikakken aiki, domin ragowar zai yi su ne a jerin waɗanda ake iya kira in buƙata ta taso. Ba kai za ka zaɓi inda za ka zauna ba, kuma ana iya tura ka fagen yaƙi. Wanda bai zauna ya tambayi kansa ko zai iya ɗaukar makami a kan umarni ba, bai gama lissafinsa ba.

Ra'ayina a nan shi ne, idan kuɗin karatu ne kaɗai ya kai ka ofishin ɗaukar soja, yanzu kuma kuɗin ya samu ta wata hanya, to dalilin shigarka ya kau, ka tafi makaranta. Idan kuwa aikin sojan kake so tun asali, fargabar horo ce kawai ta taso da ranar ta matso, to wannan fargaba kusan kowa na yin ta, kuma mako 10 na horon sojan ƙasa ko mako 13 na rundunar Marin za su wuce.

Wanda yake son duka biyun ya duba shirin ROTC, inda ɗalibi ke karatun digiri yana samun horon soja, ya fito a matsayin hafsa. Ana ba da tallafin karatu a shirin, a madadin shekarun aiki bayan kammalawa. Sai dai zama hafsa da samun wannan tallafi suna buƙatar mutum ya zama ɗan ƙasa, alhali mai katin zama na dindindin yana iya shiga a matsayin kurtu kawai. Haka nan shiga soja bayan digiri ba asara ba ce, tunda sojan ƙasa kan fara mai digiri daga mataki na E-4, wato mataki na huɗu a jerin muƙaman kurata, iyakar shekarun shiga kuma ta kai 28 a Marin, ta ma wuce haka nesa a sauran rundunoni.

Idan ka yanke shawarar fita, ka rubuta gajeriyar wasiƙa zuwa ga kwamandan da ke kula da ofishin da ya ɗauke ka, ba ga jami'in kaɗai ba. Ka sa sunanka da ranar tafiyarka, ka ce kana neman a sallame ka daga DEP saboda za ka ci gaba da karatu, ka haɗa da kwafin takardar gurbin, ka aika ta hanyar da za ta ba ka shaidar isarta, ka kuma adana kwafi. Ka sa rai za a kira ka a yi ƙoƙarin shawo kanka, domin aikin jami'in ke nan, sai ka saurare shi da ladabi ka maimaita matsayinka. Ƙa'idojin aikinsa sun hana shi yi maka barazanar ɗauri ko tara, in kuwa ya yi, ka rubuta abin da ya faɗa da ranar, ka kai ga kwamandansa. Kada ka je MEPS ranar tafiya da nufin yin bayani a can, domin wurin rantsuwa ta biyu ke nan. Ka kuma sani cewa idan ka dawo neman shiga nan gaba za a tambaye ka dalilin fitarka, kuma aikin da aka ware maka da ladan sa hannu ba za su jira ka ba.

Idan kuwa tafiyar ka zaɓa, ka sake karanta yarjejeniyarka layi-layi kafin ranar, ka tabbata sunan aikin da aka yi maka alkawari da adadin ladan da tsawon wa'adin duk suna rubuce, domin abin da aka faɗa da baki ba ya ɗaure runduna. Sannan ka rubuta wa jami'ar da ta ba ka gurbi ka tambaye ta ko tana ɗage shiga ga masu tafiya aikin soja, da kuma takardun da za ta nema daga gare ka ranar da ka dawo.