Yadda Ake Tantance Gaurayen Wiski Mai Sauƙin Kuɗi

Mafi yawan wiskin da ƙasar Sikotland ke fitarwa zuwa kasuwannin duniya gauraye ne, wato an haɗa iri biyu a kwalba ɗaya. Iri na farko ana yin sa da tsiron sha'ir zalla a cikin tukwanen jan ƙarfe, kaɗan-kaɗan, shi ya sa yake da tsada da ƙarfin ƙamshi. Na biyu kuwa daga alkama ko masara ake tace shi, a doguwar na'urar da Aeneas Coffey ya yi wa rajista a shekarar 1830, wadda ke aiki dare da rana ba tsayawa. Wannan na biyun ne ke karya farashi, shi ne kuma ke sassauta kaifin na farko. Saboda haka arahar irin su The Famous Grouse ko Ballantine's Finest ko Johnnie Walker Red Label daga hanyar sarrafawa ta samo asali, kuma kuskure ne a ɗauke ta shaidar rashin inganci. Tun da Musulunci ya haramta barasa, bayanin nan na manya ne waɗanda addininsu bai hana su ba, da ma'aikatan otal da baƙi ke yi wa tambaya a kai.

A fara da karanta takardar da ke jikin kwalbar. Dokar da aka kafa a 2009 ta tanadi cewa ba za a kira abu wiskin Sikotland ba sai ya shekara uku aƙalla a cikin gangar itacen ok a ƙasar, kuma ƙarfin barasarsa bai gaza kashi 40 cikin ɗari ba. Idan an rubuta shekaru, misali 12, to na mafi ƙuruciya a cikin haɗin ake nufi. Galibin masu araha ba su ɗauke da wannan lamba, wanda ke nuna akwai matasan wiski a ciki. Launi kuwa kada a dogara da shi, domin doka ta yarda a ɗiga ƙonannen sukari don daidaita shi, saboda haka duhunsa ba ya tabbatar da daɗewa.

Daga nan a zuba ɗan kaɗan a tambulan mai faɗin ciki da tsukakken baki, a bar shi ya huta na 'yan mintuna. A nan ya kamata a fi daɗewa, domin hanci ya fi harshe sanin wiski, kuma gwanayen haɗi da hanci suke yin yawancin aikinsu, bayan sun surka shi da ruwa har ƙarfinsa ya sauko kusan rabi. A kusantar da hanci sannu a hankali, baki a ɗan buɗe, don kada tururin barasa ya toshe komai. Ƙamshin banila da zuma yana nuna gangunan da aka taɓa ajiye wiskin Amurka a cikinsu, na zabibi da busassun 'ya'yan itatuwa kuma yakan fito daga gangunan giyar inabi ta Sifaniya. Idan aka ji hayaƙi, to an busar da sha'irin ne da wutar wata baƙar ƙasar fadama mai ruɓaɓɓen ciyayi, abin da tsibirin Islay na Sikotland ya yi suna a kai. Teacher's Highland Cream misali ne mai kyau, domin hayaƙinsa a fili yake duk da sauƙin kuɗinsa.

Wajen ɗanɗanawa, kurɓin farko saba wa harshe kawai yake yi, na biyu ake yi wa hukunci. A riƙe shi a baki na ɗan lokaci, a lura ko zaƙi da yaji da hayaƙi sun zauna lafiya da juna, ko kuwa ɗaya ya danne sauran. A ganina wannan daidaito shi ne ma'aunin gaurayen wiski, kuma ba a kyauta masa ba idan aka auna shi da zurfin na sha'ir zalla mai ninkin kuɗinsa. Abin da ya kamata a ƙi shi ne ɗaci mai ƙona maƙogwaro da warin sinadari bayan an haɗiye. Ɗigon ruwa kaɗan yana buɗe ƙamshi, ƙanƙara kuwa tana rufe shi, ko da yake irin wannan wiski yana karɓar ruwan soda da ƙanƙara sosai, kamar yadda aka saba shan sa a Japan.

Akwai haɗarin da ya fi shafar masu araha, wato jabu, domin su ne suka fi yawo a kasuwa. A Najeriya hukumar NAFDAC ta sha kama masu cika tsofaffin kwalabe da haɗin gida, kuma irin wannan haɗi yana iya ƙunsar sinadarin metanol mai makantarwa har ma da kisa. A saya a kanti amintacce, a duba cewa hatimin murfin bai karye ba, rubutun takardar bai dusashe ba, sannan a guji duk kwalbar da farashinta ya faɗi ƙasa da na kasuwa nesa ba kusa ba.